Asalin Haiku da 'Yan Uwanta, da Littattafan da Ya Kamata a Fara da Su

Littattafan makaranta da yawa kan ba da bayanin haiku a layi biyu. Su kan ce waƙa ce ta mutanen Japan mai ɗango uku, na farko gaɓa 5, na biyu 7, na uku 5, a kan yanayin ƙasa, kuma Basho ne ubanta. Wannan bayani bai zama ƙarya ɗungum ba, amma kusan kowane sashe nasa yana bukatar gyara, kuma malamin da ya kai shi aji yadda ya ke zai koya wa ɗalibai lissafi ne kawai. Basho ya mutu a 1694, kalmar haiku kuwa ba ta zauna da ma'anar da a ke ba ta yanzu ba sai bayan 1890. Abin da Basho ya ɗauka shi ne sana'arsa, watau waƙar haɗin gwiwa, shi ne abin da mutumin da ya yaɗa sunan haiku ya ce ba adabi ba ne. Sabo da haka tsarin da aka bi wajen karanta littattafan wannan fanni yana da muhimmanci, don wanda ya shiga ta ƙofar baya ya kan ɗauki ɗaki guda ya ce shi ne gidan.

Ma'aunin 5 da 7 ya girmi haiku da kusan shekara dubu. Diwani mafi tsufa na waƙoƙin Japananci shi ne Man'yoshu, wanda waƙa ta ƙarshe mai kwanan wata a cikinsa ta shekarar 759 ce. Yana da waƙoƙi wajen 4,500 a littafi 20, fiye da 4,000 daga cikinsu kuwa tanka ne, watau gajeriyar waƙa mai tsarin 5-7-5-7-7, jimla 31. Akwai doguwar waƙa a ciki da a ke kira choka, wadda Kakinomoto no Hitomaro ya fi kowa ƙwarewa a kanta, amma ba ta yi tsawon rai ba. Wajen 905 Sarki Daigo ya ba da umurni a tattara Kokinshu, kuma Ki no Tsurayuki, ɗaya daga cikin masu tattarawar, ya rubuta masa gabatarwa da Japananci, a zamanin da rubutun malanta duk da Sinanci a ke yinsa. Waƙoƙinsa sun kai wajen 1,100. Abin lura a nan shi ne jerinsu: littafi shida na farko na lokutan shekara ne, an bi su daki-daki daga narkewar ƙanƙara har ƙarshen hunturu, sa'an nan aka keɓe littafi biyar ga soyayya, su ma an jera su daga ganin farko har rabuwa. Daga nan ne kowane fure da kowane tsuntsu ya sami lokacinsa da irin halin zuciyar da ya dace da shi. Diwanan da sarakuna suka sa aka tattara irin wannan sun kai 21, na ƙarshe a 1439, kuma har yau a kan yi taron karanta tanka a fadar Tokyo kowane watan Janairu.

Ga wannan zamani, littafin da ya fi dacewa shi ne Japanese Court Poetry na Robert Brower da Earl Miner, wanda ya fito a 1961. Yana da nauyi, kuma ba a gama shi a hutu guda, amma shi ne ya bayyana yadda mawaƙan fada su ke aron kalmomin tsohuwar waƙa da gangan don mai sauraro ya ji biyun tare. Wanda bai sami sukuni ba ya wadatu da Traditional Japanese Poetry na Steven Carter, na 1991, wanda ya tattara misalai daga farko har zamanin bature.

Tanka tana da karya a tsakiyarta, tsakanin 5-7-5 da 7-7. Tun da daɗewa mutum biyu kan raba ta don wasa, ɗaya ya faɗi rabin farko, ɗaya ya cika. Daga baya aka ce me zai hana na uku ya ɗora wani 5-7-5 a kan na biyun, na huɗu ya ɗora 7-7, a yi ta tafiya har baiti ɗari. Wannan ita ce renga. Nijo Yoshimoto ya tattara diwaninta na farko, Tsukubashu, a 1356, kuma wadda aka fi yabo ita ce mai baiti ɗari da Sogi ya yi tare da almajiransa biyu, Shohaku da Socho, a Minase a 1488. Ƙa'idarta ba ta da wuyar faɗi: kowane baiti ya haɗu da wanda ya gabace shi su ba da ma'ana guda, amma kada ya koma ga abin da na bayan wancan ya riga ya faɗa. Ta haka waƙar ba ta da labari ɗaya, tana juyawa ne kullum, kuma gwanintar mawaƙi ita ce ya karɓi baitin wani ya sa shi ya faɗi abin da mai shi bai nufa ba.

Baitin buɗewa shi a ke kira hokku, kuma yana da sharuɗɗan da sauran ba su da su. Dole ya ambaci lokacin shekarar da a ke zaune a cikinsa, dole ya tsaya da ƙafarsa ba tare da jingina da wani ba, tun da babu abin da ya gabace shi, kuma bisa al'ada babban baƙo ne ke yinsa a matsayin gaisuwa ga mai gida, shi kuwa mai gida ya amsa da baiti na biyu. Duk abin da a ke kira ƙa'idodin haiku a yau ladubban wannan zama ne. Ambaton lokaci ya samo asali ne daga gaisuwa, kamar yadda baƙo kan fara da tambayar sanyi ko ruwa kafin ya shiga abin da ya kawo shi.

Renga ta fada ta taƙaita ga kalmomin da Kokinshu ya halatta. A gefenta sai aka sami ta raha, haikai, wadda ta karɓi maganar kasuwa da kalmomin aro daga Sinanci da zancen kuɗi da abinci. Sa'ad da ƙasa ta zauna lafiya a ƙarƙashin gidan Tokugawa daga 1603, ɗab'i ya yaɗu, fatake da masu sana'a suka iya karatu, haikai ta zama abin yayi. Makarantar Matsunaga Teitoku ta dogara ga wasa da kalmomi, ta Nishiyama Soin ta fi ta rashin kunya da sauri. An ce Ihara Saikaku, almajirin Soin, ya zuba baiti 23,500 cikin yini da dare guda a ɗakin bauta na Sumiyoshi a 1684, da saurin da marubuta ba su iya bi ba, sai ƙirga kawai aka yi.

A cikin wannan hayaniya Basho ya tashi. An haife shi a 1644 a Ueno ta lardin Iga, ɗan gidan ƙananan barade, ya koma Edo a 1672 yana cin abinci da gyaran baitocin masu koyo. A 1680 ya bar tsakiyar gari ya ƙaura bukka a Fukagawa, inda wani almajiri ya dasa masa wata irin ayaba, sunanta kuwa shi ya zama laƙabinsa. Abin da ya yi shi ne ya riƙe kalmomin talakawa na haikai, amma ya ɗora musu nauyin tsohuwar waƙa. Shahararriyar hokkunsa ta kwaɗo, ta 1686, ba a gane ta sai an san cewa shekaru ɗaruruwa mawaƙan fada suna ambaton kwaɗo ne sabo da kukansa, har gabatarwar Kokinshu ta lissafa shi cikin masu waƙa. Shi kuwa Basho ya hana shi kukan. Mai karatun da bai san al'adar ba zai ga hoto kawai, wanda ya san ta kuwa zai ga inda aka saɓa mata, kuma nan ne rabin daɗin ya ke. Tsarin da Basho ya fi so shi ne mai baiti 36, inda wata ke fitowa sau uku, fure sau biyu, a wuraren da aka ƙayyade. Sarumino, na 1691, shi ne diwanin da ya fi nuna makarantarsa a kan ganiyarta.

A 1689 ya yi tafiyar wajen kwana 150 zuwa arewacin ƙasar tare da almajirinsa Sora, abin da ya kai kimanin kilomita 2,400. Daga ita ya rubuta Oku no Hosomichi, zube gauraye da hokku, irin rubutun da a ke kira haibun, aka buga shi a 1702 bayan mutuwarsa. An daɗe ana ɗaukarsa labarin tafiya tsantsa, sai a 1943 da aka buga littafin da Sora ya riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, aka ga Basho ya sauya jerin wurare, ya ƙara, ya rage. Ashe shirya littafin ya yi kamar yadda a ke shirya renga. Fassarar Nobuyuki Yuasa ta 1966 ita ta fi samuwa a ɗakunan karatu, sai dai a sani ya mai da kowace hokku ɗango huɗu, abin da ya sa ya riƙa ƙara kalmomin da babu su a asali. Littafin da ya fi amfani ga malami a kan Basho shi ne Basho and His Interpreters na Makoto Ueda, inda aka sa kowace waƙa da fassararta kalma da kalma, sa'an nan aka jera abin da masu sharhi na Japan suka ce a kanta ƙarni bayan ƙarni. Nan mai karatu zai ga malamai sun yi saɓani mai tsanani a kan kalmomi biyar ko shida. Bayansa sai Traces of Dreams na Haruo Shirane, na 1998, wanda ya mai da Basho cikin jama'arsa da cikin tsofaffin waƙoƙin da ya ke amsawa. Ga renga kanta akwai Japanese Linked Poetry na Earl Miner, na 1979.

Waɗanda suka biyo baya ana iya wuce su da sauri, ko da ya ke kowannensu ya isa a yi masa takarda tasa. Yosa Buson, wanda aka haifa a 1716, mai zane ne kuma mawaƙi, kuma baitocinsa sun fi na Basho launi. Chiyo ta Kaga, 1703 zuwa 1775, ita ce macen da ta fi suna a fagen. Kobayashi Issa, ɗan manomi da aka haifa a 1763, ya bar baiti wajen 20,000, da yawa a kan ƙuda da ƙuma da katantanwa. Littafinsa Oraga Haru ya ƙunshi labarin shekarar 1819, wadda agana ta kashe 'yarsa ƙarama a cikinta. Senryu kuwa daga wata gasa ta fito: alƙali ya ba da 7-7, jama'a su biya ɗan kuɗi su kawo 5-7-5 da zai dace da shi. Karai Senryu, 1718 zuwa 1790, shi ne alƙalin da ya fi farin jini a Edo, kuma a 1765 aka fara buga zaɓaɓɓun amsoshin su kaɗai a Yanagidaru. Ma'auninta ɗaya da na hokku, amma ba ruwanta da lokacin shekara, abin da ta sa gaba shi ne halin mutane, surukai da barori da likitoci da masu bin bashi. Galibin abin da ɗalibai ke rubutawa a aji da sunan haiku ya fi kusa da senryu, kuma gara a gaya musu sunanta na gaskiya.

Masaoka Shiki ne ya yanke igiyar. An haife shi a Matsuyama a 1867, ya bar jami'a ya shiga jaridar Nippon, kuma daga 1892 ya soma rubuce-rubucen da suka sauya fannin. A lokacin an ɗaukaka Basho har an ba shi laƙabin abin bauta, malaman haikai kuwa suna sayar da hukunci a kan baitocin da ba su da rai. A 1893 Shiki ya rubuta cewa mafi yawan baitocin Basho ba su da kyau, ya kuma yanke hukunci cewa hokku adabi ce amma waƙar haɗin gwiwa ba adabi ba ce. Dalilinsa daga Turai ya zo, inda a ke ganin aikin adabi na mutum ɗaya ne. Ya cire baitin buɗewa daga jikin sarƙarsa, ya tabbatar masa da sunan haiku, ya fifita Buson, ya kuma aro daga masu zane irin na Turai ra'ayin zana abu yadda ido ya gan shi. A 1898 ya juya kan tanka, ya soki Tsurayuki da Kokinshu, ya ce a koma ga Man'yoshu. Yawancin wannan aiki a kwance ya yi shi, gama tarin fuka ya shiga ƙashin bayansa, ya mutu a 1902 yana da shekara 34. Lalle ya ceci baitin daga mutuwa, amma ya sa duniya ta karanta Basho da idon da Basho bai san shi ba. Littafin Janine Beichman a kansa, na 1982, gajere ne mai gamsarwa.

Almajiransa sun rabu biyu. Takahama Kyoshi, wanda ya riƙe mujallar Hototogisu bayan ta koma Tokyo a 1898, ya tsaya kan ma'auni da ambaton lokaci. Kawahigashi Hekigoto ya sassauta, daga wannan reshe kuma aka sami masu waƙa ba ma'auni irin su Ozaki Hosai da Taneda Santoka. Saɓanin bai tsaya a mujallu ba, don a 1940 'yan sanda sun kama mawaƙan wata mujallar haiku ta Jami'ar Kyoto bisa zargin cin amanar ƙasa. A 1946 kuma Kuwabara Takeo, malamin adabin Faransa, ya jera baitocin manyan mawaƙa da na 'yan koyo ba tare da suna ba, ya ce ba mai iya bambancewa, don haka haiku fasaha ce ta sahu na biyu. Tanka ma ta sabunta, daga Midaregami na Yosano Akiko a 1901 har diwanin Tawara Machi na 1987 da aka sayar da fiye da kofe miliyan biyu. Modern Japanese Haiku na Ueda, na 1976, ya isa mabuɗi ga wannan zamani.

Yawancin masu karatu a wajen Japan ta hannun R. H. Blyth suka shiga. Baturen Ingila ne da ya koyar a Koriya, aka tsare shi a Kobe lokacin yaƙi, daga baya ya koyar da yarima Akihito Turanci. Littafinsa Haiku, juzu'i huɗu, ya fito tsakanin 1949 da 1952, tarihinsa na haiku mai juzu'i biyu kuma a 1963 da 1964. Babu wanda ya fassara baitoci da yawa da irin ƙaunar da ya yi musu, kuma shi ne mawaƙan Amurka irin su Jack Kerouac da Gary Snyder suka karanta. Richard Wright, marubucin nan baƙar fata na Amurka, daga juzu'an Blyth ya koya, ya rubuta haiku wajen 4,000 a Faransa kafin mutuwarsa a 1960, aka buga 817 daga ciki a 1998. Aibin Blyth shi ne ya mai da haiku duka reshen addinin Zen, ya raina wasa da kalmomi da aron tsohuwar waƙa, alhali su ne ƙashin bayan haikai. A karanta shi don misalansa, amma bayan an karanta Ueda da Shirane. An Introduction to Haiku na Harold Henderson, na 1958, ya fi shi natsuwa, sai dai ya sa ƙafiya tsakanin ɗango na farko da na uku, waƙar Japananci kuwa ba ta san ƙafiya ba. Ko ɗango ukun ma al'adar masu fassara ce, don a Japan layi ɗaya a ke bugawa daga sama zuwa ƙasa. Hiroaki Sato, a One Hundred Frogs na 1983, ya tattara fassarori masu yawa na baitin kwaɗon nan, kuma jera su kawai ya isa darasi a kan fassara. Ga mai son koyarwa a aji, The Haiku Handbook na William Higginson, na 1985, shi ya fi taimako.

Saura batun ƙirga, inda mai jin Hausa ya fi mai jin Turanci sa'a. Abin da Japanawa ke ƙirgawa ba gaɓa ba ce, awon tsawon furuci ne. Gajeren wasali ɗaya ne, dogon wasali biyu, baƙin hanci a ƙarshen gaɓa ɗaya ne, haka kuma rabin farko na baƙi mai shadda. Sabo da haka sunan Tokyo gaɓa biyu ne amma awo huɗu, Nippon ma haka. Wannan shi ne bambancin gaɓa mai nauyi da marar nauyi da karin waƙar Hausa ya ginu a kai, wanda Joseph Greenberg ya yi bayaninsa a 1949. Katsina gaɓa uku ce awo uku, Zazzau gaɓa biyu ce awo huɗu. Turanci ba ya auna waƙarsa haka, shi ya sa gaɓa 17 na Turanci suka fi baitin Japananci tsawo da ɗaukar zance, har mawaƙan Amurka da yawa suka sauko ƙasa da wannan adadi. Ɗalibin da aka ce ya yi 5-7-5 da gaɓoɓin Hausa zai iya zarce asalin da kusan ninki, in gaɓoɓin nasa masu nauyi ne. In kuwa aka ƙirga awo, kamar yadda mai nazarin aruli ya saba, tsawon zai zo daidai. Haka nan kalmomin yanka, irin su ya da kana da keri, waɗanda ke raba baiti gida biyu ko su rufe shi da ɗan jinkiri: masu fassara zuwa Turanci kan maye gurbinsu da alamar rubutu don ba su da makamantansu, Hausa kuwa tana da dai da fa da kam da kuwa, masu ɗaukar irin wannan aiki ba tare da ƙara ma'anar ƙamus ba.

Ambaton lokaci shi ne ya fi wuyar ɗauka zuwa wani harshe. A Japan akwai kundaye na musamman, saijiki, da ke jera dubban kalmomi bisa lokutan shekara, kowace da misalanta. In aka ce wata kawai, na kaka a ke nufi. In aka ce fure kawai, na itacen sakura ne. Bayan ƙasar ta koma kalandar Turai a 1873, sabuwar shekara ta rabu da farkon lokacin toho, sai kundayen suka keɓe mata babi na biyar. Ƙarfin kalmar lokaci yana zuwa ne daga yawan mawaƙan da suka riga suka yi amfani da ita, don haka ba a fassara kundin a ce an samu. Adjei Agyei-Baah na Ghana, a diwaninsa Afriku na 2016, ya gwada gina irin wannan da hunturu da damina da tsirran yammacin Afirka, yana rubutawa da Turanci da Tuwi.